Yadda ake haɗa karnukan kiwon tumaki a Birtaniya, da rainonsu da yi musu rajista

A wurinmu makiyayi da sandarsa da muryarsa yake juya garke, karen ruga kuwa aikinsa gadi ne da haushi. A tsaunukan da ke kan iyakar Ingila da Sikotilan ba haka abin yake ba. Mutum zai tsaya a gindin tudu ya yi fito ɗaya, sai kare ya kwasa a guje ya zagaya ta bayan tumaki, ya duƙa ƙasa-ƙasa ya kafa musu ido, ya koro su har gaban ubangidansa. Ba haushi, ba cizo. Wannan shi ne karen da ake kira Border Collie, kuma ƙungiyar da ke riƙe da littafin asalinsa ita ce International Sheep Dog Society, ISDS a taƙaice, wadda aka kafa a 1906 a garin Haddington na Sikotilan. Ofishinta yanzu yana Bedford a Ingila. Ga yadda masu wannan sana'a ke bin abin tun daga zaɓen iyaye har takarda ta fito.

Ka fara da ganin iyayen a bakin aiki

Nan ne aikin yake, sauran duk bin baya ne. ISDS ba ta da ma'aunin kamanni. Ba ruwanta da launin gashi, ko tsayuwar kunne, ko tsawon jela. Kare mai gajeren gashi da kunne ɗaya a karye, in dai yana juya tumaki, ya fi mai ƙyalli da ba ya tsinana komai. Saboda haka kada ka yarda da hoto ko ɗan guntun bidiyo. Je ka gonar da ƙafarka, ka ce a saki karen a kan tumakin da bai saba da su ba.

Abin da ake dubawa: shin yana buɗewa ya zagaya da nisa, ko kuwa yana tsaga tsakiyar garke ya watsa shi? Idan tunkiya mai ɗa ta juyo ta buga ƙafa a ƙasa, yana tsayawa ya fuskance ta ko yana kaucewa? Sai kuma abin da makiyayan ke kira "ido", wato wannan kallon da yake kafe tumaki da shi. In ya yi kaɗan, tumaki za su raina shi. In ya yi yawa, sai ka ga kare ya sandare wuri ɗaya yana kallo, kana fito yana ji amma ya ƙi motsi.

Dabarar ita ce a haɗa waɗanda ɗaya zai cike giɓin ɗaya. Misalin da kowa ke kawowa shi ne Old Hemp, wanda aka haifa a 1893 a hannun Adam Telfer a yankin Northumberland na arewacin Ingila. Ubansa Roy mai sanyin hali ne, uwarsa Meg kuwa idonta ya yi ƙarfi da yawa. Ɗan da suka haifa ya ɗauko daidai wa daida, yana aiki shiru tumaki na bin umarninsa, har ake ɗaukarsa uban wannan jinsi.

Amma a yi hattara da rububin kare ɗaya. Wiston Cap, wanda ya lashe babbar gasar ƙungiyar a 1965 kuma hotonsa ne a tambarinta, an kai masa karya ba adadi, shi ya sa da wuya ka buɗe takardar asalin wani kare a yau ba ka ci karo da sunansa can baya ba. Ka shimfiɗa takardun uwa da uba gefe da gefe. Idan suna ɗaya yana ta maimaituwa a kakanni na kusa ta ɓangarorin biyu, nemi wani namijin.

Gwajin lafiya kafin a haɗa su

Akwai cutar ido ta gado da ake kira CEA, wadda ke shafar bayan ƙwayar ido. Gwajin DNA, da jini ko da ɗan abin da aka goga a cikin kumatu, yana raba karnuka gida uku: mai tsabta, mai ɗauke da ita ba ta nuna ba, da wanda ta kama. Lissafin irin na sikila ne da muka sani. Mai ɗauke da ita da mai ɗauke da ita, kowane kwikwiyo yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Mai ɗauke da ita da mai tsabta kuwa babu ɗan da za ta kama. Don haka ba a zubar da gwanin kare don kawai yana ɗauke da ita, abokin haɗi ake zaɓa masa da kyau. Haka ake yi da sauran cututtukan gado irin su TNS, mai kashe garkuwar jikin kwikwiyo. Ana kuma ɗaukar hoton ƙugu don a ga ko ƙashin ya zauna daidai a gurbinsa.

Abu ɗaya ba a sasanta shi: kada a haɗa masu dabbare-dabbaren launin nan da ake kira merle su biyu. 'Ya'yan da suka gaji launin ta uwa da uba sukan fito kurame ko makafi. Masu son kuɗi suna bin launin don yana da kasuwa, wannan kuwa ba kiwo ba ne.

Barbara da ciki

Karya tana neman namiji kusan duk wata shida, abin yakan ɗauki mako biyu zuwa uku. Yawanci tsakanin rana ta 10 da ta 14 take tsayawa, amma kowace da nata, shi ya sa wasu ke sa likitan dabbobi ya auna jini. A bari ta kai kamar shekara biyu tukuna, lokacin jikinta ya nuna kuma an ga abin da ta iya a fili. Ita ake kaiwa gidan namijin. In sun maƙale, a ƙyale su har su rabu da kansu, jan su yana ji musu ciwo.

Tun daga ranar ake fara maganar takarda. Akwai katin shaidar barbara da ake cikewa da sunaye da lambobin rajistar iyayen biyu da kwanan wata, a aika wa ISDS ba tare da jinkiri ba. Mai karyar ya tabbata shi ɗan ƙungiya ne, kuma takardarta da sunansa take, ba da sunan wanda ya sayar masa ba. Wannan ƙaramin sakaci shi ke maƙale rajista daga baya.

Ciki kwana 63 ne, da ɗan ragi ko ƙari. Tana iya ci gaba da aiki mara nauyi a farko, amma in ciki ya fito a raba ta da tsallake katanga da kutsawa cikin raguna. A makonni ukun ƙarshe ake ƙara mata abinci, kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Ɗakin kare

Karen aiki a can ba a falo yake kwana ba, ɗakinsa na waje kusa da rumbun ciyawa. Abin da ke cutar da shi danshi ne da iska mai ratsawa, ba sanyin kansa ba. Ana yin daɓen siminti mai ɗan gangara don ruwan wanki ya zurare, a ɗaga masa gadon katako sama da ƙasa, a zuba busasshiyar ciyawa ko dusar katako, a juya ƙofa ta ba iska baya. A gaba kuma a kewaye masa ɗan fili da waya inda zai miƙe ƙafa.

Wani abu da sabon shiga ba ya lura da shi: kada ɗakin ya kalli filin tumaki ko hanyar mota. Wannan kare ba ya iya ganin abu na motsi ya share. Zai wuni yana safa da marwa a bakin waya har ya haƙa rami da tafin ƙafarsa, ya zo wurin aiki a gajiye kuma a birkice. Kuma ɗaki wurin hutu ne kawai. Wanda aka kulle kwana da kwanaki ba gudu ba aiki, zai koma cin katako da bin inuwarsa.

Mai ciki a mayar da ita akwatin haihuwa kamar mako ɗaya ko biyu kafin lokaci don ta saba. A jikin bangon akwatin ta ciki ake kafa sanda kewaye, ɗan sama da ƙasa, domin in ta kwanta ta jingina, kwikwiyon da ke bayanta ya samu wurin fakewa kada ta danne shi. A sa fitilar ɗumi a kusurwa ɗaya, don jariran ba sa iya ɗumama jikinsu a makon farko. Idan ta kai rabin sa'a tana yunƙuri da ƙarfi ba abin da ya fito, a kira likita. A tabbata kowane ɗa ya kama nono a ranar farko ya sha dakashi.

Daga nan abin na tafiya da sauri. Ido yana buɗewa tsakanin kwana 10 da 14. Maganin tsutsar ciki daga mako biyu, a riƙa maimaitawa. A mako na uku zuwa na huɗu su fara lasar abinci mai ruwa-ruwa. A riƙa ɗaukarsu, yara su yi wasa da su, su ji ƙarar tarakta da kukan tumaki tun suna ƙanana.

Rajista

Tun daga Afrilun 2016 doka ce a Ingila da Sikotilan da Wales a dasa wa kowane kare 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, tsakanin kafaɗu, kafin ya wuce mako takwas. Lambarta ita ke bin kare har mutuwarsa. A Ingila kuma wanda ya samu haihuwa uku ko fiye a cikin wata 12 yana sayarwa, sai ya nemi lasisi daga ƙaramar hukuma. Ba a raba kwikwiyo da uwarsa a sayar kafin mako takwas.

Mai karyar ne ke cike fom ɗin ISDS na duka 'ya'yan: jinsi, launi, irin gashi, ranar haihuwa, lambar na'ura, da suna. Sunayen gajeru ne masu gaɓa ɗaya, irin su Cap, Moss, Fly, Ben, Jess, don su yi daɗin kira daga nesa cikin iska. Da yake karnuka masu suna Ben ba sa ƙirguwa, lambar rajista ce ke bambanta su, kuma ita ke shiga littafin asali. Idan aka sayar da kwikwiyo, a sauya sunan mai shi a takarda nan take.

Kada a rikita ta da rajistar Kennel Club, wata ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya, wadda ta karɓi jinsin a 1976 kuma take da ma'aunin kamanni don gasar nuni. Karen ISDS yana iya shiga littafinsu, amma takardarsu kaɗai ba ta shigar da kare littafin ISDS.

Wanda ya samu gwanin kare da ba shi da takarda, akwai ƙofar da aka bar masa: rajista bisa cancanta. A gwada lafiyarsa, sannan a kai shi fili gaban waɗanda ƙungiyar ta wakilta, a saki tumaki. Ya zagayo su daga nesa, ya kawo su, ya kora su gaba, ya tsaya in an ce tsaya. In sun gamsu, a ba shi lamba, 'ya'yansa kuma su shiga littafi kamar na kowa.