Yadda dattijo zai motsa jiki a kan na'urar girgiza

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu mutuwa sanadiyyar faɗuwa, waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa. Na'urar girgiza, wato faifan da ake hawa yana karkarwa, tana sa tsokokin ƙafa su riƙa ɗamewa suna saki, tsayuwa ta yi ƙarfi.

1. Fara tuntuɓar likita. Mai na'urar bugun zuciya, mai gudan jini a jijiya, da wanda bai daɗe da karaya ko tiyatar ƙugu ba, kada su hau.

2. Ajiye na'urar a daɓe mai tauri wanda ba tudu ba kwari, kusa da abin dafawa mai ƙarfi. Kada a sa ta kan tabarma.

3. Baba ya hau tana kashe, ya buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ya ɗan lanƙwashe gwiwa. Wannan ne ya fi damuna, domin in ya miƙe gwiwa sambal, girgizar har ka take kaiwa, sai jiri.

4. Kunna a mataki mafi ƙasa, daƙiƙa 30, ya huta minti 1. A maimaita sau 3, kwana 3 a mako.

5. Tsaya gefensa, hannunka a bayansa. Da ya ce kansa na juyawa, kashe, ka zaunar da shi.