Kurakuran da Ɗalibai Suka Fi Yi Wajen Tsara Rumbun Bayanai

Na daɗe ina duba ayyukan ɗalibanmu Hausawa masu karatun kwamfuta a Jidda da Madina, kuma na lura cewa yawancinsu tun wajen zana jadawali suke yin tuntuɓe, kafin ma su rubuta layin farko na SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi. Tun da rajistar alhazai da masu Umra ce misalin da ya fi kusa da mu a nan, da ita zan yi bayani.

Babban kuskure shi ne a zuba komai a jadawali guda kamar takardar Excel: sunan alhaji, jirginsa, masaukinsa da lambar wayar masaukin, duk a layi ɗaya. Idan alhazai 300 suka sauka a otal ɗaya a unguwar Misfala ta Makka, lambar wayar otal ɗin za ta maimaitu sau 300, ranar da ta canza kuwa sai a gyara wasu layuka a manta da wasu, rumbun ya koma mai baki biyu. Irin wannan matsala ce Edgar Codd na kamfanin IBM ya nemi magancewa da tsarin jadawaloli masu alaƙa da ya gabatar a 1970. Gyaran shi ne masauki ya sami jadawalinsa, alhaji ya sami nasa, sannan a saka lambar shaidar masaukin kawai a jadawalin alhazai a matsayin mabuɗin waje, wato lambar da ke nuni zuwa layi a wani jadawalin.

Daga nan sai zaɓen mabuɗin farko, wato abin da zai bambanta kowane layi da sauran. Wasu suna ɗaukar suna, alhali jirgi ɗaya daga Kano yana iya ɗauko Muhammad Abubakar da yawa, ga shi kuma wani ya rubuta Mohammed, wani Muhammadu. Lambar fasfo ta fi suna, amma tana canzawa idan aka sabunta shi. Iƙama kuwa, wato takardar izinin zama a Saudiyya, baƙo ba ya da ita. Abin da na fi so shi ne a bar rumbun ya ba kowane mutum lamba da kansa, a kuma sanya sharaɗin UNIQUE, mai hana maimaituwa, a kan lambar fasfo.

Inda zaman Saudiyya ya fi tona asirin ɗalibi shi ne zaɓen nau'in bayani. Lambar wayar hannu a nan tana farawa da 05, kuma duk wanda ya ajiye ta a matsayin adadi zai tarar sifilin farko ya ɓace. Abin da ba a yin lissafi da shi, rubutu ne. Kuɗi kuma a ajiye su da nau'in DECIMAL mai riƙe adadi daidai, domin nau'in FLOAT kintace yake yi, kuma bayan an tara dubban riyal sai a ga halala, wato kwabon riyal, ta yi ɓatan dabo. Kwanan wata ya fi duka wahala: ɗalibi ya shigar da 30 ga Safar a gurbin DATE, rumbun ya ɗauka Fabrairu ake nufi, ya ƙi karɓa. Mafita ita ce a ajiye kwanan Miladiyya, a juya shi zuwa Hijiriyya bisa kalandar Ummul Ƙura lokacin nunawa. Haka nan, idan sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ ko na Larabci suka koma alamomin tambaya, a duba tsarin haruffa, musamman a tsohon MySQL, manhajar rumbun bayanai, wanda latin1 ne tsarinsa na asali. Tsarin utf8mb4 ake buƙata.

NULL, wato gurbin da babu komai a ciki, ba sifili ba ne, ma'anarsa ba a san amsar ba, saboda haka da IS NULL ake nemansa, alamar daidai ba za ta fito da komai ba.

Kuskuren da ya fi ciwo kuwa shi ne UPDATE ko DELETE, wato sauya ko goge bayani, ba tare da WHERE, sharaɗin da ke zaɓen layukan da za a taɓa, ba. Na taɓa zama kusa da wani ɗalibi yana son sauya ɗakin alhaji guda, ya danna, sai ga dukan alhazan jadawalinsa sun tare a ɗaki 412, ga shi bai ajiye kwafi ba. Tun daga ranar nake sa ɗalibai su fara gwada sharaɗin da SELECT, umarnin dubawa kawai, su ga layukan da zai taɓa, sannan su buɗe aikin da START TRANSACTION, idan adadin layukan ya yi daidai su rufe da COMMIT, idan bai yi ba su janye da ROLLBACK.