Yadda za ka gane tsohon keken tsere, ka san darajarsa kafin ka taya

Cikin kekunan gwanjo da ake saukewa a Sabon Garin Zariya, yawanci masu ƙaton taya ne da na yara. Amma jefi-jefi za ka hangi wani siririn keke an jingine shi can baya, kansa a lanƙwashe ƙasa, tayarsa siririya, ba kariya ba madigadi. Mutanenmu ba su cika kula shi ba, tunda ba ya ɗaukar buhu kuma ba a goyo a kansa. Masu sayarwa kuwa iri biyu ne: akwai wanda ya ɗauke shi tarkace, akwai kuma wanda yaronsa ya nuna masa a waya cewa irinsa na kuɗi ne a Turai, shi ke nan ya ɗora masa farashin babur. Na daɗe ina kwance irin waɗannan kekuna ina ɗaurawa a zauren gidana a Tudun Wada, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne kada sunan da ke jikin keken ya ruɗe ka.

Mu nan mun taso da ganin girman Raleigh, don shi iyayenmu suka hau, Peugeot kuma mun san zakinsa tun daga motocin Kaduna. Sai dai kamfanonin nan kowannensu ya yi na talaka ya yi na sarauta, da tambari iri ɗaya. Peugeot UO-8 da Peugeot PX-10 idan ka hango su daga nesa kusan kamanninsu ɗaya, amma na farkon an buga shi ne da yawa don 'yan makaranta, na biyun kuwa ajin masu gasa ne. Haka Raleigh Record da Raleigh Professional. Saboda haka in mai keke ya ce maka "Alhaji, ai Rali ne na asali," ka ce masa madalla, sannan ka durƙusa ka fara dubawa.

Ka tafi da mayen ƙarfe ƙarami, irin na tsohuwar sifika ma ya isa, da zare mai tsawo, da tef na tela, da alanki lamba 5 da 6, da tsumma. Fitilar wayarka za ta yi maka sauran.

Darajar keken tana cikin bututun da aka yi firam da shi. Ka goge bututun da ke ƙarƙashin sirdi, sama da ƙasa, ka nemi 'yar sitika. Idan ka ga Reynolds 531, ka dace. Ƙarfe ne da wani kamfani na Birmingham a Ingila ya fito da shi a 1935, kuma shekaru da dama shi manyan 'yan tsere suke hawa. Columbus na Italiya, mai hoton tantabara, shi ma babba ne, musamman SL da SLX. Na Japan akwai Tange da Ishiwata, na Faransa akwai Vitus. Reynolds 501 matsakaici ne, ba laifi. Amma in ka ga 20-30 a jikin Raleigh, ko Carbolite 103 a jikin Peugeot, to ƙarfen gama-gari ne aka yi masa suna mai daɗi. Zai kai ka Samaru ya dawo da kai lafiya lau, sai dai ba a biyansa kuɗin manya.

Abin da ya sa ake son bututun kirki shi ne ƙarfensa yana da ƙwari, don haka ana iya sirantar da bangonsa a tsakiya har ƙasa da milimita ɗaya, a bar kauri a bakin mahaɗa kawai. Keken sai ya yi sauƙin nauyi, kuma ba ya dukan mutum a gargada. Ɗaga shi da hannu ɗaya. Na kirki yana wajen kilo 10, na gama-gari yakan kai 13 zuwa 15. Ni nakan roƙi mai sayar da gas ya ara mini sikelinsa in rataya.

Sitika kan kankare, kuma ana iya buga sabuwa a manna, shi ya sa na fi yarda da sandar sirdi. Kwance ta ka zaro, galibi an rubuta kaurinta a jikinta. Bututun da take shiga, a kekunan Ingila da Italiya da Japan, kaurinsa daga waje milimita 28.6 ne. Idan sandar 27.2 ce, ka ga bangon bututun siriri ne ƙwarai, wato ƙarfe mai kyau. Idan 25.4 ce ko kusa da haka, bangon mai kauri ne, keken na araha ne ko da me aka manna masa. Tsofaffin kekunan Faransa bututunsu 28 ne daidai, don haka a wurinsu 26.4 ko 26.6 alama ce mai kyau. Wannan zaro sandar yana da wani amfanin: in ta ƙi motsi sam, alminiyom ya ci ƙarfe sun manne, aiki ne ja, wani lokaci sai an yanke ta an fiƙe daga ciki. Haka wuyan kai, wato sandar da ke riƙe da kan keke. Duk wanda ya ƙi motsi a cikinsu, ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura.

Daga nan ka koma baya, inda gatarin ƙafar baya yake shiga firam. A keken kirki ƙarfen wurin ƙerarre ne mai kauri, yana da tudu inda noti ke kamawa, sau da yawa da ɗan siririn sukuru na saiti, kuma za ka ga an buga sunan kamfanin kayan keke, Campagnolo, Simplex, Shimano ko SunTour. Wurin ɗaura giyar baya a jikinsa yake. A na araha kuwa falle ne kawai aka yanko, giyar kuma an rataya ta da wani ƙarfe daban. Dubi hannun feda shi ma. In ka ga 'yar fegi ta ratsa shi da noti, irin na kekunan iyayenmu, to ko dai keken ya tsufa ƙwarai ko kuma na ƙasa-ƙasa ne. Daga shekarun 1970 zuwa sama, kekuna masu daraja hannun alminiyom suke zuwa da shi. Manna mayen ƙarfe a rim da kan keke da hannun feda. Duk inda ya kama, ƙarfe ne. Rim ɗin ƙarfe mai ƙyalli yana burge ido, amma ranar da ruwan Agusta ya same ka a gangara, birki ba ya kama shi sai ya ga dama. Maɓallan giya a wuyan kai, da ƙarin hannun birki da ake matsawa daga sama, su ma alamun keken araha ne.

Shekarunsa fa? Mai sayarwa zai ce maka "tun zamanin Turawa," amma yawancin waɗanda ke zuwa mana na tsakanin 1970 ne da farkon 1990. Wayar birki da ta fito ta saman hannu ta yi baka a iska tana nuna kafin tsakiyar shekarun 1980. Giya mai ƙas-ƙas, wadda kowane dannawa ke faɗawa gurbinsa, Shimano ya fito da ita a kekunan tsere a 1984, kuma sai 1990 ya haɗa giya da hannun birki wuri ɗaya. Auna faɗin tsakanin ƙarafan baya biyu: milimita 120 na zamanin giya biyar ne, 126 na shida da bakwai, 130 na takwas zuwa sama. In kayan Shimano ne, leƙa bayan hannun feda ko bayan giya, akwai ƙananan haruffa biyu. Na farko shekara ce, A tana nufin 1976, B 1977, haka har gaba. Na biyu wata ne, daga A Janairu zuwa L Disamba. Idan ka ga JC, Maris 1985 ke nan, keken kuma ba zai wuce 'yan watanni ko shekara bayan haka ba, muddin ba a canza masa kaya ba. Shi ya sa ake duba wuri uku ko huɗu a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Tsohuwar giyar Campagnolo Nuovo Record takan zo da shekararta a rubuce a sama, kusa da inda waya ke shiga. Raleigh kuma, daga wajen 1974, lambar da aka buga a jikin firam ɗinsa takan fara da harafin masana'anta: N ta Nottingham, W ta Worksop inda a da ake yin na ajin sama, lambar farko bayan haruffan kuma ita ce ƙarshen shekara. In ka taɓa cin karo da mai SB a farko, na sashen Ilkeston ne, inda a da ake ƙera kekunan ƙungiyar 'yan tsere ta TI-Raleigh, wadda Joop Zoetemelk ya ci gasar Tour de France da ita a 1980. Ban taɓa ganinsa a Zariya ba, amma kwantena ba ta da alƙibla.

Duk wannan bayani banza ne in keken ya taɓa karo. A nan nake so ka ɓata lokaci. Shafa yatsanka a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, dab da inda suka haɗu da wuya. Idan ka ji ɗan tudu ko ka ga fenti ya tsattsage a zagaye, keken ya daki wani abu da gaba, ƙarfen ya tanƙware. Koma gefe ka kalli fok, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba: samansa ya kamata ya bi layin wuya sak kafin ya lanƙwasa gaba. In ya ja baya, har taya na neman taɓa bututu, magana ta ƙare. Sannan ka ɗaura zare a ƙarfen baya na dama, ka zagayo da shi ta gaban wuya, ka dawo ka ɗaure a na hagu. Auna tazarar zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Bambancin milimita ɗaya ko biyu ba komai, fiye da haka firam ya karkace. Duk inda ka ga ɗanyen walda an shafe da baƙin fenti, musamman a mahaɗa, ka bar shi. Waɗannan firam da tagulla aka haɗa su, bangonsu siriri, wutar mai waldar ƙofa tana ƙona su. Tsatsa ta sama-sama ba ta tsorata ni, ana gogewa. Wadda nake tsoro ita ce ta ciki: haska fitila ta ramin sandar sirdi, ka kuma juya keken ka dubi ƙarƙashin gidan feda da ƙarafan da ke bin sarƙa. Fenti mai ƙuraje a wurin, ruwa ya kwana a ciki.

Sabon fenti kuma rage daraja yake yi, ba ƙarawa ba. Masu sayarwa nan ba su yarda da wannan ba, suna ganin sun yi wa keke gata. Tsohon fenti na asali da ƙwarzanensa ya fi min, don ba ya ɓoye komai.

Yanzu batun da ya shafe mu mu kaɗai, wato me za ka iya samu a kasuwa in abu ya lalace. Karanta lambar da ke gefen taya. In ka ga 622, shi ne 700C, ana samunsa cikin gwanjo, ko a aiko maka daga Kano ko Kaduna. In 630 ne, wato inci 27, nemansa ya fi wuya, kuma ba sa shiga rim ɗin juna duk da bambancin milimita 8 ne kacal. Akwai kuma tayar da ba ta da tub daban, ɗinkakkiya ce ake manna ta da gam a rim. Manyan kekunan tsere da ita suke zuwa, amma da ƙayar da ke hanyar Shika zuwa Giwa, mai facin unguwa ba zai iya mata komai ba, sai ka lissafa kuɗin canza ƙafafu. Tsofaffin kekunan Faransa, Peugeot da Motobécane da Gitane na kafin farkon shekarun 1980, zaren sukurunsu daban ne da na kowa, kaurin wuyan kansu milimita 22.0 ne maimakon 22.2. In boris ɗin gidan feda ya ci kofinsa, za ka sha yawo. Giyar Simplex mai baƙar roba kuma takan tsage da tsufa. Shi ya sa in don hawa ne, na fi ba mutum shawarar ɗan Japan, Miyata ko Panasonic ko Bridgestone ko Fuji na shekarun 1980. Aikinsu tsaf, ma'auninsu na kowa da kowa, kuma da yake sunansu bai cika kunne ba, ba a tsuga musu kuɗi. Gazelle da Koga-Miyata na Holan su ma kada ka wuce su.

Wajen kuɗi, farashin da ka gani a intanet na wani mai saye ne a Landan ko Milan, wanda yake da shagon kayan gyara a bayan gidansa. Kuma yawanci abin da mai kaya ya nema ne. In za ka duba, nemi waɗanda aka riga aka sayar. Ko shi ɗin, kai ba za ka tura keke Turai ba, kuɗin jirgi ya cinye ribar. Ni ma'aunina shi ne keken gwanjo mai giya, lafiyayye, na yau da kullum, nawa yake a Sabon Gari a wannan makon. Keken tsere na ƙarfen gama-gari bai kamata ya kai wannan kuɗin ba, don masu nemansa kaɗan ne. Matsakaici mai rim ɗin alminiyom da kayan Shimano ko SunTour, in yana tafiya, ya kai daidai ko ya ɗan ɗara. Mai 531 ko Columbus da kayansa na asali, Campagnolo ko Shimano 600 ko Dura-Ace, firam miƙaƙƙe, zan iya ninkawa ban ji ciwo ba. Daga abin da ka tsayar, sai ka cire taya biyu, tub biyu, wayoyin birki da na giya, robar birki, sarƙa, giris da ladan bakanike, don kusan duk wanda ka saya sai ya buƙaci waɗannan. Ka tambayo farashinsu kafin ka je, ba bayan ka biya ba.

Girma ma kuɗi ne. Tsaya a kansa ƙafafunka a ƙasa, bututun sama ya bar maka tazarar yatsa biyu. Masu santimita 54 zuwa 58, daga tsakiyar gidan feda zuwa bakin sandar sirdi, su suka fi shiga mutane. Na Holan sukan zo da 62 ko fiye, an yi su ne don dogayen can, kuma sayar da su nan sai an yi haƙuri.

In kun zo ciniki, kada ka tsaya kana karanta masa Reynolds da murmushi. Nuna masa abin da za ka kashe: "Malam, dubi tayar nan, ta bushe, irinta sai Kano. Wayoyi duk sun ci tsatsa." Zai ce albarka, ka ƙara kaɗan, ka roƙi ya bari ka ɗan zaga da shi. A wuri mai shimfiɗa ka sassauta hannu ka ji ko yana ja gefe, ka bi giyoyin duka, ka taka da ƙarfi ka saurari gidan feda. Idan ya sallama, a rubuta rasit da lambar firam, wadda galibi take ƙarƙashin gidan feda ko a ƙarfen baya, da sunan mai sayarwa da shaida ɗaya daga 'yan kasuwar. Keken da aka kankare lambarsa, ko wanda wani yaro ya kawo maka da magariba yana sauri, kome arharsa ka bar masa abinsa.