Yadda Nake Karantar da Jigon Nasara a Wasan Willy Loman

Idan zan karantar da Death of a Salesman, wasan kwaikwayon Arthur Miller da aka fara nunawa a New York a 1949, na daina buɗe darasi da tambayar mece ce nasara. Amsar hadda kawai ake ba ni. Ga hanyar da nake bi yanzu, ko za ta amfani wani malami, ko mai karatu shi kaɗai.

Sami takarda ka raba ta biyu. Gefe guda na bakin Willy Loman, jarumin wasan, ɗaya gefen na aljihunsa. Shi mai yawon tallan kaya ne, ɗan shekara 63, mazaunin Brooklyn. Yana cika baki cewa an san shi ko'ina, alhali an yanke masa albashi, sai kamasho. Duk mako yana karɓar dala 50 wajen maƙwabcinsa Charley, ya kai wa matarsa Linda kamar cinikinsa ne. Ta sani, ta yi shiru. Kafin ka gama kashi na farko takardar ta nuna maka inda ciwon yake.

Daga nan sai ka ajiye kalmar nasara, domin ta yi faɗi. Nan ne Hausa ta fi taimaka mini. Abin da Willy ke nema farin jini ne, ya yarda cewa wanda mutane ke so ba zai rasa ba, kuma a kan haka ya tarbiyyantar da 'ya'yansa Biff da Happy. Wan Willy, Ben, da ya ce ya shiga dajin Afirka yana ɗan 17 ya fito yana 21 da dukiya, shi arziki ya samu. Charley kuwa rufin asiri gare shi. Ɗansa Bernard, wanda Willy ke rainawa saboda ƙwazon karatu, ya zama lauya har zai tsaya gaban Kotun Ƙoli, kuma ba da bakinsa aka ji ba, ubansa ne ya faɗa. Sa ɗalibai su ɗora kowa a kan kalmarsa. Gardama takan ɓarke a kan Biff, kuma ba na kashe ta.

Sai jana'iza biyu. Willy yakan tuna Dave Singleman, tsoho ɗan 84 mai ciniki ta waya daga ɗakin otal, wanda ɗaruruwa suka raka gawarsa. Ƙirga waɗanda suka zo ta Willy, bayan ya halaka kansa don Biff ya ci inshorar dala 20,000: iyalinsa, Charley da Bernard. Ran nan ne Linda ta biya kuɗin gidan na ƙarshe.

Wurin da na fi daɗewa shi ne hannun Willy. Miller bai taɓa faɗin abin da yake sayarwa ba, amma ya gaya mana ya iya aikin siminti, da hannunsa ya gyara gidan. Ka sa ɗalibi ɗaya ya tashi ya yi fitowar lambu: dare ne, tsoho riƙe da tocila yana karanta bayan ƙunshin iri, yana auna ƙasa da ƙafa a bayan gidan da dogayen benaye suka tare wa rana. Kada ka yi bayani, bar shi ya gama shukar tukuna.