Yadda zaka bi kawancen yakin duniya na biyu kanka bai daure ba

Dan uwa in kana son gane wa yake tare da wa a yakin duniya na biyu, fara ajiye jerin nan da aka saba haddacewa, wai Jamus da Italiya da Japan gefe guda, Birtaniya da Amurka da Tarayyar Soviet daya gefen. Ba karya bane amma hoton 1942 ne kawai, in ka shiga 1939 dashi bata zakayi.

Samu takarda ka raba ta shekara shekara daga 1939 zuwa 1945, kuma da fensir zaka rubuta don gogewa zakayi ta yi.

A gidan 1939 kada ka kuskura ka sa Soviet kusa da Birtaniya. Ranar 23 ga Agusta Molotov da Ribbentrop, ministocin harkokin wajen Soviet da Jamus, suka sa hannu a Mosko cewa ba zasu yaki juna ba, a boye kuma suka yi rabon gabashin Turai, shiyasa Jamus ta fada Poland 1 ga Satumba, ranar 17 sai ga sojojin Stalin, shugaban Soviet, ta gabas suma sun shigo daukar nasu kason. Italiya kuwa duk da alkawarin da Mussolini yayi wa Hitler zama tayi tana kallo, sai 10 ga Yuni 1940 da taga Faransa ta kusa faduwa tukunna ta shigo.

Faransa ce zata fi baka wahala, dole ka tsaga ta biyu. Gwamnatin Petain, wadda ake kira gwamnatin Vichy don a garin Vichy ta zauna, tayi sulhu da Jamus, janar din Faransa de Gaulle kuwa yana Landan yace shi bai ajiye makami ba. Ni nan ne abin ya fi taba ni wallahi don har kofar gidanmu ya zo, gwamnan Chadi Felix Eboue ya bi de Gaulle a Agustan 1940, Nijar ta zauna hannun Vichy har karshen 1942, wato dan Kano da dan uwansa na Damagaram turawan da ke mulkinsu ba sa ga maciji, su kuma ba wanda ya tambaye su.

Sai 1941, nan zakayi babbar gogewa. 22 ga Yuni Hitler ya afka wa Soviet, firaministan Birtaniya Churchill da ya tsani kwaminisanci tun fil azal a daren ya sanar zai taimaka musu. 7 ga Disamba Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin jiragen ruwan yakin Amurka, bayan kwana hudu Hitler da kansa ya shelanta yaki da Amurka.

Daga 1943 ka rika ajiye taswira kusa, duk kasar da zata juya ka duba sojojin wa suka iso bakin iyakarta. Italiya ta mika wuya a Satumban 1943 bayan bangaren Birtaniya da Amurka sun ci tsibirinta na Sicily, a Oktoba ta shelanta yaki da Jamus. Romaniya mai baiwa Jamus man fetur ta juya 23 ga Agusta 1944 da sojojin Soviet suka shigo mata, Finland ma ta janye a Satumba.

Sannan ka rika gwada kasashen bibbiyu, kar kace tunda gefensu daban dole suna yaki. Japan da Soviet sun kulla yarjejeniyar ba ruwan wani da wani a Afrilun 1941, suka rike ta duk tsawon gumurzun da ake da Jamus, sai 8 ga Agusta 1945 Stalin ya shelanta yaki da Japan, wata uku cif bayan Jamus ta mika wuya kamar yadda ya yiwa Amurka da Birtaniya alkawari a taronsu na garin Yalta.