Yadda Za Ka Dasa Lambun Mangwaro A Sakkwato Rani Bai Kashe Ma Shi Ba

Lambun itace dai wuri ne da anka dasa itatuwa masu 'ya'ya da gangan ana kula da su, ba irin magarya ko aduwa da ke fitowa da kansu cikin daji ba. Kuma mangwaron ga da muke gani kamar namu ne asalinshi ƙasar Indiya ne, gwaba da kashu daga nahiyar Amurka Turawa sunka yaɗa su, dabino ko tun shekaru dubbai ake nomanshi wajen Iraƙi. To mangwaro baƙo ne nan, sai an lallaɓe shi.

Malam kafin ka yi zancen iri fara duba ruwa. Daminarmu gajera ce, daga watan 6 zuwa na 9 an gama, sannan ga zafin watan 4 da ke wuce digiri 40, saboda haka in filinka ba fadama ba ne irin na bakin gulbin Rima ko wajen Goronyo to ka tanadi rijiya ko bohol tun kafin ka sayi dashe ko guda.

Dashen kuma nemi ɗan aure. Auren itace tsohuwar dabara ce, mutanen Sin da Rumawa sun yi ta tun da daɗewa, ana yanko reshen itace mai daɗi a ɗaura bisa wani tushe mai ƙarfi su haɗe. Ɗan aure shekara 3 zuwa 4 ya fara 'ya'ya, na ƙwallo ko sai ka yi 6 ko fi kana jira kuma ba lalle ya yo daɗin uwar ba.

Gina rami kamar santimita 60 faɗi da zurfi, ka cuɗa ƙasar sama da takin gida wanda ya ruɓe sosai, ɗanye gara yake kira. Tsakanin rami da rami mita 10, na san za ka ga kamar ɓarnar fili ce amma ka sa wake ko albasa a tsakani kafin su girma. Dasa da ruwa ya zauna, kar ka bari ƙasa ta rufe wurin ɗaurin.

Sai shinge, don jar akuyarmu ba ta da kunya wallahi, dare ɗaya ta aske ma shi tas. Rani biyun farko nan ne aikin yake, ban ruwa da yamma sau 2 ko 3 a sati, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi amma kar ta taɓa jikin itacen.

In ya yi fure shekarar farko tsinke shi ko da ranka bai so, bari ya yi jiki tukuna. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren kuma ka cire shi da wuri, na tushen ne, in ka ƙyale shi sai ya danne na saman.