Darasi na Bakwai: Harsashi da Farantin Ƙarfe

Karanta wannan a hankali, sannan ka karanta wa na kusa da kai.

A filin koyon harbi ana kafa farantin ƙarfe a matsayin abin bara. Masu harbi suna son sa saboda yana yin ƙara idan an same shi, ba sai an taka an duba ba. To amma idan takarda aka kafa a matsayin abin bara, harsashi huda ta yake yi ya wuce. Ƙarfe kuwa tare shi yake yi. Harsashin sai ya tarwatse, ɓarɓashin dalma da na tagulla su fantsama gefe da gefe. Wani lokaci guntu yakan yi tsalle ya dawo kan mai harbin.

Wannan darasi ya shafe mu a Legas ko da ba mu taɓa riƙe bindiga ba. Da yawanmu 'yan gwangwan ne, wasu masu walda a Agege ko Mile 12, wasu suna kai kaya kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin. Wani zai iya zuwa ya ce, "Maigida, yanko mini ƙarfe mai kauri, zan gwada saiti." Amsar da ta dace ita ce, "Yallaɓai, yi haƙuri, wannan ƙarfen ba na harbi ba ne."

Ga dalili. Kauri daban, tauri daban. Ƙarfen ƙofa, da murfin tukunyar gas, da bodin mota duk suna da taushi a wurin harsashi. Idan an harbe su sai su lotsa, su yi ramuka. Ramin nan kamar ludayi yake: harsashi na gaba ya faɗa ciki, ya juyo ta inda ba wanda ya zata. Farantin gaskiya ana yin sa da ƙarfe mai tauri na musamman, irin wanda ake kira AR500, fuskarsa sumul. Shi ma zafin walda yana rage masa tauri a inda wutar ta taɓa. Da zarar ya tsage ko ya yi rami, ya tashi daga aiki.

Sai maganar tazara. Masu ƙera farantin sukan ce kada mai ƙaramar bindiga ya matso ƙasa da yadi 10. Mai babbar bindiga, yadi 100, wato kusan tsawon filin ƙwallo. Yadin nan shi ne dai wanda tela ke awo da shi. Ana kuma sunkuyar da farantin kaɗan, kamar digiri 20, domin ɓarɓashi ya nufi ƙasa. Kowa a wurin ya sa tabarau na kariya, har da ɗan kallo, kuma kada a tsaya a gefen faranti.

Harsashi mai ƙarfe a cikinsa ba a harba shi a faranti. Nan ne nake ji wa maharbanmu masu ɗura wa adaka ƙusa da boris tsoro. Dalma takan baje, boris kuwa dawowa yake yi kamar ƙwallo a bango. Tartsatsinsa ma yana iya kunna busasshiyar ciyawa da rani.

Ɓarɓashin dalma guba ne. Ba mu manta da yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010 ba. Wanda ya tsinci irin wannan ƙarfe ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, kada kuma ya kai shi ɗakin da yara suke.

Dokar makamai ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba lasisi. A gari mai cunkoso irin Legas, bayan kowace katanga akwai mutum, don haka bayan gida ko kango ba wurin gwaji ba ne.

Aikin yi: Rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinka: harsashi, dalma, tazara, tauri. Sannan ku tattauna biyu-biyu: me ya sa faranti mai rami ya fi sabo haɗari? Rubuta da lamba yadi nawa mai babbar bindiga zai ja baya.